Yadda ake zaɓar sababbin sifirin da shakazoba ga tsohuwar Land Cruiser ko Hilux

Tsohuwar motar daji ba ta ɓoye gajiyar ƙafarta. Bayanta zai zauna ko babu kaya, ta karkace gefe guda, in ta faɗa rami ka ji dukan har cikin gadon bayanka, in ta hau gargada kuma ta yi ta tsalle kamar ɗan maraƙi. Mai ita yakan shiga kasuwa da magana guda a baki: a ba shi abin da zai ɗaga ta. Daga nan kuskure ke farawa. Nauyin da motar ke ɗauka kullum shi ke zaɓar sifirin, sifirin ya zaɓi shakazoba, sannan tsayin da aka samu ya faɗi sauran abubuwan da za a gyara. In aka juya tsarin, kuɗi ya tafi, mota kuma ta fi da wahalar tuƙi.

Fara da sanin irin ƙafar da ke ƙarƙashinka

Sunan mota kaɗai ba ya isa a saya mata kaya. Land Cruiser 60 ta shekarun 1980 da 75 sifirin mai falle-falle ne gaba da baya. Daga 1999, ƙirar 78 da 79 suka koma sifirin mai murɗi, wato koyil, a gaba, baya kuma falle. Ƙirar 80, wadda aka yi daga 1990 zuwa 1997, koyil ce ƙafa huɗu a kan aksul sanda guda gaba da baya, haka ma 105. Ita kuwa 100 kowace tayar gaba da hannunta, kuma sandar toshin, wato doguwar sandar ƙarfe mai murɗawa a madadin sifirin, ce ke riƙe da ita. Hilux ma iri uku za ka tarar: tsofaffi irin LN106 masu aksul sanda da falle a gaba, na tsakiya masu sandar toshin, da na 2005 zuwa sama masu koyil a jikin shakazoba.

Ka kwafi lambar ƙira daga farantin da ke jikin motar, misali HZJ79, FZJ80 ko KUN25, ka tafi da ita. Ka kuma faɗa wa mai sayarwa ko injin dizal ne ko na fetur, domin na dizal yakan fi nauyi, sifirin gaba kuma ba ɗaya ba ne.

Gyara abin da ya mutu tukuna

Sabon sifirin ba ya warkar da mataccen bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa. Ɗaga motar, ka tokare shasi da ƙarfe, ka bi ta da ƙarfen banƙara. Duba bushin ɗin hannuwa da na sandar Panhard, wato sandar da ke gicciye tana hana aksul zamewa hagu ko dama. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza: in ta yi motsi, boris ɗin taya ne ko na wuyan aksul. Kama ta hagu da dama: in ta yi wasa, kawunan tayarod ne. Haska fitila a inda aka yi waldar mazaunin shakazoba da maratayin sifirin a jikin shasi, da kewayen akwatin sitiyari, ka nemi siririn layin tsatsa, alamar tsagewa ke nan. Shakazoba mai ƙarfi in ta samu tsagaggen mazauni, ƙarasa shi take yi.

Awo da sikeli

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne muhimmanci. Cika tanki, daidaita iskar tayoyi, ajiye motar a daɓe mai kyau. A kowace ƙafa ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, ka rubuta lambobi huɗun da milimita. Kada ka auna daga ƙasa, iskar taya za ta ɓata lissafin. Sai ka ɗora mata kayan da ta saba ɗauka, mutane su shiga, ka sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ke nuna maka yadda sifirin yake durƙusawa. Ka leƙa kuma ka ga ratar da ke tsakanin aksul da robar da ke tare shi daga dukan shasi. In robar ta yi sulɓi tana ƙyalli, ko ratar ba ta wuce yatsu biyu ba, motar a kan roba take tafiya, ba a kan sifirin ba.

Daga nan sai sikeli. Nemi inda ake auna manyan motoci, ka hau da tayoyin gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai, sau ɗaya babu kaya, sau ɗaya da kaya. In babu sikeli kusa, yi lissafi da biro. Litar ruwa kilo 1 ce. Litar dizal wajen kilo 0.84 ce, don haka duron lita 200 ya kai kilo 168 kafin a haɗa nauyin duron kansa. Jarka huɗu ta ruwa masu lita 25 kilo 100 ne. Bambar ƙarfe da winci, wato injin igiyar jan mota, a gaba sukan haɗa kilo 80 zuwa 120. Ka ƙara taya ta biyu ta safaya, kariyar saman rufi, akwatin sifanu da ƙarin batir.

Raba lissafin gida biyu. Akwai nauyin da ba ya sauka daga motar, kamar bamba, winci, ƙarin tanki da kariya. Akwai kuma wanda ke hawa ranar kasuwa ko ranar doguwar tafiya. Da na farkon ake zaɓar sifirin.

Inda kayan suka zauna ma yana canza lissafi. Tsakanin aksul ɗin gaba da na baya a Land Cruiser 80 milimita 2,850 ne. In ka rataya kilo 100 a bayanta, mita guda daga aksul ɗin baya, ƙafar baya kilo 135 za ta ji, gaba kuma ya rasa kilo 35. Shi ya sa motar da aka lafta wa jarkoki a ƙofar baya sitiyarinta ke yin sakwa-sakwa.

Abu guda da babu sifirin da zai canza shi: iyakar nauyin da kamfani ya rubuta wa motar. Sifirin mai ƙarfi zai hana ta zama, amma aksul, boris, birki da shasi suna nan yadda aka ƙera su. Ƙarfafa sifirin don a ɗora lodin da ya wuce ƙima yana mayar da karayar daga sifirin, mai arha, zuwa shasi, mai tsada.

Nawa za a ɗaga?

Ga motar aiki, milimita 40 zuwa 50 sama da tsayinta na asali ya wadatar. Ka tuna cewa tsohuwar mota ta riga ta zauna da milimita 20 ko 30, saboda haka in aka sa mata kayan ɗagawa na milimita 50, ido zai ga kamar 70 ko 80. Masu mota da yawa in suka mayar da ita tsayin kamfani kawai, buƙatarsu ta biya.

A mota mai aksul sanda, ɗaga sifirin ba ya ɗaga tukunyar aksul daga ƙasa ko da milimita ɗaya. Ciki da bamba yake ɗagawa. Taya ce kaɗai ke ɗaga aksul, ita ma kaɗan: daga 265/75R16 zuwa 285/75R16 faɗin da'irar ya ƙaru da milimita 30, ƙarƙashin aksul ya samu 15 ke nan. Wanda matsalarsa ita ce kwarin da manyan motoci suka haƙa a laka, irin na hanyoyin tsaunin Mambila da damina, ya yi tunanin taya kafin sifirin.

Da zarar an wuce milimita 50, kowane ƙarin tsayi yana jawo wani kashe kuɗi: hannuwa, furofela, bututun birki, sandar Panhard. Motar kuma tana ƙara saurin kifewa a kwana ko a gefen tudun rairayi, musamman in akwai kaya a rufi.

Zaɓen sifirin

Kamfanonin da suka yi suna a wannan harka, irin su Old Man Emu, Dobinsons, Ironman 4x4 da Tough Dog, duk na Ostireliya, suna jera sifirin baya gwargwadon nauyin dindindin: na mota marar ƙarin kaya, na kilo 200, na 400, har sama. Sifirin da aka rubuta wa kilo 400 yana so a bar masa kilo 400 ɗin kullum. In ka sa shi a motar da yawanci direba da mutum biyu take ɗauka, bayanta zai ɗage, ta yi tauri kamar amalanke, tayoyin baya su riƙa barin ƙasa a gargada. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta ja, ba ta birki.

Ga yadda lissafin yake. A ce kowane koyil na baya yana lotsawa milimita 1 a kowane kilo 4. Biyun tare kilo 8 ne a milimita. Kilo 400 zai zaunar da motar milimita 50. In ƙarfin kowanne kilo 6 ne, zaman zai zama milimita 33. Kwatanta wannan da ratar robar da ka auna: bayan an yi cikakken lodi, ya kamata a ce akwai sauran rata ta milimita 40 zuwa 50 aƙalla don motar ta samu abin shanye rami.

Wanda lodinsa ke hawa da sauka, yau fanko gobe buhu takwas, ya nemi sifirin mai mataki biyu. A falle, shi ne mai kauraran falle ɗaya ko biyu a ƙasa waɗanda ba sa aiki sai lodi ya danna. A koyil, shi ne wanda murɗinsa ya matsu a gefe guda ya buɗe a ɗayan.

Yawancin kayan Ostireliya an tsara su ne don mota mai sitiyari a dama, namu kuwa na hagu ne. Sau da yawa koyil ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da wajen milimita 10. Kada ka bi rubutun jikinsu ido rufe. Tsayar da su a ƙasa ka auna, ka sa dogon a gefen da awonka na farko ya nuna ya fi zama.

Akwai dabarun gareji da ya kamata a sani, a kuma san iyakarsu. Ƙara falle guda yana aiki in sauran fallen lafiyayyu ne, kuma in an yanka sabon ya zauna a jeri daidai, tsawonsa tsakanin na samansa da na ƙasansa, an kuma sa sabuwar ƙusar tsakiya. Bugun tsohon sifirin da guduma don ya dawo da lanƙwasarsa yana ɗaga mota na ɗan lokaci, sai ta koma inda take. Gasa shi da wutar walda kuwa kashe shi ne, domin zafi yana cire masa taurin da aka horar da ƙarfen da shi, sai ya zauna ko ya karye. Dogon shakal, wato maratayin da ke lilo a ƙarshen sifirin, rabin tsawonsa yake bayarwa: ƙarin milimita 50 ya ɗaga 25, ya kuma juya aksul. Dunƙulen ƙarfe tsakanin sifirin da aksul ɗin gaba kam, ko kyauta ne kada ka karɓa.

In na hannu za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, sayi biyu tare, daga mota ɗaya. Kifa su a ƙasa gefe da gefe ka ga ko lanƙwasarsu ɗaya ce. Goge kewayen ramin ƙusar tsakiya da idon babban falle ka nemi tsaga. Ka duba inda bakin kowane falle ya ci cikin na samansa. In ya yi rami da farce ke kamawa, nan zai karye.

Masu sandar toshin su lura: ɗaure ƙusar toshin yana ɗaga gaba amma ba ya ƙara wa sandar ƙarfi, ratar saukar taya kawai yake cinyewa. Haka zoben da ake sa wa saman shakazobar Hilux ta 2005 zuwa sama, wanda ke ɗaga mota kusan ninki biyu na kaurinsa. A duka biyun, ɗaga motar da jak har taya ta rataya, ka tabbatar ta sauka aƙalla milimita 60 daga inda take tsaye. In bai kai ba, za ka riƙa jin ƙwal a kowane tudu, robobin shaf su yage, bol-join ya mutu da wuri.

Shakazoba: tsawo da zafi

Shakazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta hana sifirin lilo, tana mayar da motsin ya zama zafi a cikin manta. A hanyar burji mai gargada, ko doguwar tafiya irin ta Agadas zuwa Dirku, tana motsi sau da yawa a kowace daƙiƙa, awa bayan awa, ga zafin rana. Man ya yi zafi, ya tsinke, ya yi kumfa, sai motar da ta taso lafiya ta fara lilo kamar kwale-kwale. Maganin wannan shi ne yawan mai da faɗin jiki. Ga motar lodi nemi mai fistin na milimita 35 zuwa sama. Masu 41 da 45 sun fi jimiri.

Mai bututu biyu ita ce ta gama-gari. Tana da arha, kuma in dutse ya lotsa bututun waje tana ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya, irin da aka san Bilstein da ita, ta fi saurin fitar da zafi, amma lotsawa guda a jikinta na iya kama fistin, don haka a baya tana son garkuwa daga tsakuwar da tayoyin gaba ke watsowa. Mai ƙaramin tanki a gefe ta fi duka jure zafi, sai dai tsada, kuma in ta lalace gyaranta na son kayan aiki da iskar naitirojin. Wanda ke nesa da inda ake wannan gyara gara ya sayi mai bututu biyu mai kauri, ya ajiye safaya ɗaya ta gaba ɗaya ta baya.

Tsawo ya fi suna muhimmanci, kuma awo biyu ake yi. Cire tsohuwar, ka cire koyil in mai koyil ce, ka ɗaga aksul da jak har ya danne robar tarewa. Auna tsakanin mazaunin sama da na ƙasa, ka rage milimita 20 saboda robar tana ƙara lotsewa a bugu mai ƙarfi. Sabuwar shakazoba in an matse ta ƙurmus dole ta fi wannan awon gajarta. In ba haka ba, ita za ta zama robar tarewa, rami ɗaya ya fasa bawul ɗinta ko ya tsinke mazauni. Awo na biyu: mayar da sabon koyil, saki aksul ya rataya a kan shakazobar. Koyil ya kasance har yanzu a matse, hannu ba ya iya juya shi. In yana girgiɗi, shakazobar ta yi tsawo, wata rana zai fice a daji. Shakazobar kamfani a kan sifirin da aka ɗaga kuwa gajeruwa ce, tana miƙewa har ƙarshe a kowane tudu, tana cin bushin ɗinta.

Abubuwan da ɗagawa ke gurɓatawa

Na farko kasta, wato ɗan jinginar da wuyan aksul ɗin gaba ke yi baya, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. A 80, 105 da 79, ɗagawa tana juya aksul gaba, sai kastar ta ragu. Alamarsa mota mai yawo a titi, kana ta gyara sitiyari. A ɗagawar milimita 50 bushin ɗin gyaran kasta na digiri 2 ya isa; sama da haka sai farantin gyaran kasta ko wasu hannuwa. A masu falle a gaba, siririn ƙarfe mai kai ɗaya kauri ake sa wa tsakanin sifirin da aksul.

Na biyu yana da haɗari kuma ba a ganinsa. Yawancin waɗannan motoci suna da bawul a shasi ta baya, da siririyar sanda zuwa aksul, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon zaman mota. In an ɗaga ta, bawul ɗin yana ɗauka fanko take ko da lodi, sai ya rage birkin baya. Ana gyarawa da ɗan ƙarfe da zai ɗaga mahaɗin sandar a kan aksul daidai da milimitar da aka ɗaga motar.

Sauran na ido ne. Aksul na rataye, taɓa bututun birki na roba, igiyar birkin hannu da tiyon numfashin aksul: kowanne ya kasance da sauran sassauci. Duba ko sitabilaiza, wato sandar da ke rage karkacewar mota a kwana, na taɓa furofela. Auna fitowar tayoyi hagu da dama. In aksul ya ja gefe, sandar Panhard mai daidaitawa ce magani. Bushin kuwa, na roba ya fi dacewa da hannuwa da sandar Panhard saboda yana murɗawa, kada kuma a shafa masa giris. Na foliyuritan yana da kyau a idon sifirin da shakal, amma in ba a riƙa ba shi giris ba, ƙura za ta shiga ya yi ta kuka yana cin ƙusa.

In bayan aikin sitiyari ya fara rawa mai tsanani bayan dukan rami, kada ka ruga sayen babbar shakazobar sitiyari. Ɓoye ciwon take yi. Koma kan bushin ɗin Panhard, tayarod, boris ɗin wuyan aksul, kasta da balas ɗin taya.

Ranar ɗaurawa da bayanta

Canza gefe biyu tare, kada ka haɗa sabo da tsoho a aksul ɗaya. Shakazoba mai bututu biyu a tsayar da ita, a matse a saki sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura. Yu-bol, wato ƙusa mai siffar U da ke ɗaure sifirin falle da aksul, sabo ake sawa, domin tsohon ya riga ya miƙe. Duk ƙusar da ta ratsa bushin na roba a bar ta sako-sako har a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, a girgiza ta, sannan a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin littafin motar. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta yage.

Kai ta saitin taya nan da nan, ka saita fitilun gaba tunda bayanta ya tashi. Bayan kilomita 500 sake ɗaure yu-bol da duk notunan ƙafa, ka maimaita a 1,000. Yu-bol mai sako-sako shi ke karya ƙusar tsakiya, aksul ya zame, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. A lokacin ne kuma za ka sake awon nan huɗu: sabon sifirin yakan zauna milimita 5 zuwa 10, in ya wuce haka sosai a baya, ajin da ka saya ya gaza lodinka.

Gwajin shakazoba kuwa a hanya ake yi. Yi tafiyar kilomita 10 ko 15 a gargada, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka jikin kowace a hankali, don tana iya ƙuna. Biyun da ke aksul ɗaya zafinsu ya zama kusan ɗaya. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa a wuyanta ba komai ba ne, amma mai gangarowa har ƙasa, ko wadda ta tsaya da sanyi alhali 'yar'uwarta ta ɗau zafi, a cire ta a mayar wa mai shago tun rasit na hannu.